Tafkin da Baba Ya Ƙi Killacewa, Ya Ƙi Bayarwa

Na Allah muke, wurinSa muka nufa, Baba kuwa ya riga mu isa. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, a gidansa da ke ƙauyenmu a gefen Gafasa. Mu uku ya bari. Akwai Yaya, wanda yake zaune a Gaya yana noma yana sayar da taki. Sai ni a tsakiya, ina aure nan cikin gari, gida huɗu tsakanina da na Baba. Sai Auta, malamin sakandare a Ajingi. Inna ta riga shi da shekara shida, tun daga lokacin ni nake kai masa abinci, ni kuma na yi jinyarsa.

Kwana ukun makoki a tsakar gida na yi su cikin mata, ina amsa gaisuwa ina jin abin da ake faɗa, kuma a nan kaina ya fara ɗaurewa. Kowa da yabo ya zo, amma in ka haɗa yabon sai ka rantse mutum biyu muka binne. Wata ta ce ba ta taɓa ganin mai riƙe abinsa irin Malam ba, ko tsinke ne in dai nasa ne sai ka tambaya. Ba ta rufe baki ba wata ta ce ai Malam ba shi da nasa, gonarsa hanya ce, kowa bi yake. Suka dubi juna suka gyaɗa kai, wai su a ganinsu abu ɗaya suka faɗa. Gwaggo, ƙanwarsa, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da ta ɗan sami sarari sai ta ba da labarin ranar da ya sa ta mayar da mangwaro uku da ta tsinka a bishiyarsa, ita da suka sha nono ɗaya. Aka yi dariya da hawaye a fuska. Ita ce dai ta ƙara da cewa shekara talatin tana ɗibar ganyen kuka a gonar nan, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba.

A waje wurin maza, in ji Auta, tsohon kansilan mazaɓarmu ya ce a duk rayuwarsa mutum ɗaya ne ya taɓa korarsa da fartanya kuma washegari ya tare shi da gaisuwa har da tambayar iyali. Baffa na ruga kuwa, tsohon makiyayin da shanunsa suke sha a tafkin gonarmu tun ban yi wayo ba, ya zauna kwana ukun nan a gefe guda. Da zai tafi sai ya tambayi Auta ko an san yadda za a yi da ruwan. Auta ya ce ba a kai nan ba tukuna.

Ina rubuta wannan ne don kada jikokinsa su tashi da rabin labarinsa, don na lura kowa rabin da ya yi masa daɗi yake ɗauka. Ina kuma rubutawa don kaina, ko Allah zai sa in gane mutumin da na yi shekara arba'in da ɗoriya ina kira Baba.

Abu ɗaya dai ba wanda zai yi musu a kansa: Baba ba ya son a mulke shi, ba ya kuma son ya mulki kowa. Sau biyu ana zuwa masa da maganar zama mai unguwa, sau biyu yana cewa kansa ma da ƙyar yake riƙewa. Bai taɓa shiga ƙungiyar manoma ba, bai taɓa bin layin takin tallafi ba. In an yi masa magana sai ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya ba ka taki bana shi zai gaya maka abin da za ka shuka baɗi. Ba ya zagin hukuma, ba ya kuma yabonta, so yake kawai ta bi ta can ya bi ta nan. A gida ma haka yake, kuma ba zan ɓoye ba, wannan halin ya sha ba ni haushi. Ka je masa da shawara kana neman a ce maka yi ko bari, sai ya saurare ka tsaf, ya gaya maka abin da zai iya biyo baya ta kowane ɓangare, sannan ya ce kai ka sani. Lokacin da na so barin koyarwa a Islamiyya na yi kwana biyu ina zagaye shi ko zai hana ni, don a raina so nake a hana ni. Bai hana ba. Inna takan ce a duk gidan jaki kaɗai Baba yake ba wa umarni, shi ma sai ya ga dama yake bi.

Maganar mangwaro da kuka da Gwaggo ta yi, akwai ƙa'ida a ƙarƙashinta, kuma mun tashi muna jinta: abin da na dasa nawa ne, abin da na tarar na tarar. Mangwaron shi ya dasa, shi ya yi shekara uku yana ɗauko masa ruwa a tulu, don haka ko liman ne sai ya tambaya. Kuka da ɗorawa da tsamiya kuwa tarar da su ya yi lokacin da ya sare wurin, don haka ba ya ganin yana da bakin hana kowa. Gwaggo ta manta ba ta faɗa wa mata ƙarshen labarinta ba. Bayan ta mayar da mangwaro ukun tana ta zumɓura baki, washegari ya aiko mata da kwando cike. Da ta tambaye shi mene ne amfanin wulaƙancin jiya, ya ce na jiya ɗauka ta yi, na yau shi ya bayar.

Da a ce komai na duniya ya rabu biyu kamar mangwaro da kuka, da yanzu muna zaune lafiya. Tafkin ne ya ƙi shiga ko ɗaya. Lokacin da Baba ya sare gonar yana saurayi, wani ɗan kwari ya tarar a ƙasanta, inda ruwan sama yake kwanciya ya ƙafe da an gama girbi. Shi ya dinga haƙa shi kowace rani, shi da magirbi da kwando, shekara da shekaru, har ya zama tafkin da yake riƙe ruwa ya kai bazara. Ramin nasa ne, kwarin da ruwan ba nasa ba ne. Mata suna wanki a ciki, masu gini suna ɗiba, shanun ruga suna bi ta wata 'yar hanya da ya bari a gefen gona su sha. Ba ya karɓar komai, ba ya kuma son a yi masa godiya.

Rigima biyu aka yi a kan tafkin nan cikin shekara guda, kuma su ne suka raba mana hankali har yau. Ta farko, kansila ya zo da mutanen kwamitin raya gari da takarda, cikin mutunci da kyakkyawar niyya. Suka ce tunda kowa na amfana, a rubuta shi tafkin al'umma, a kafa allo, a tsara ranar wanki da ranar shanu, hukuma ta taimaka da yashe shi. Baba yana shema a lokacin, wato yana share ciyawa da fartanya. Ya tambaye su wanda ya ɗauki ko kwando ɗaya na ƙasa a cikinsu. Babu ko mutum ɗaya. Ya ce to tafkinsa ne, ba mai kafa masa allo, ba mai tsara wa saniya ranar jin ƙishirwa. Da kansila ya nace, Baba ya ɗaga fartanya ya nuna masa hanya. Yaya ya ji daɗin wannan labari ƙwarai, bayan wata biyu sai ga shi da waya mai ƙaya a bayan a-kori-kura. Ya ce tunda Baba da bakinsa ya ce tafkin nasa ne, a killace a sa inji a yi noman rani, gidan ya huta da jiran damina. Baba bai bari an sauke wayar ba. Ya tambayi Yaya ko shi ya yi ruwan sama. Ya ce ƙasa ta riga mu zuwa, wanda ya kama wuri ya hana na baya ko kurɓa, ɓarawo ne ko da yana da takarda. Yaya ya koma Gaya da wayarsa, ya yi wata uku bai leƙo ba.

Ni da nake tsaye a duka biyun, na tambayi Baba da yamma wanne ne gaskiya, nasa ne ko ba nasa ba ne. Ya ce in miƙo masa buta.

Haka ya yi da Baffa wata shekara da damina ta yi gardama. Shanu suka yi yawa a hanyar, suka faɗa cikin waken Baba suka yi masa kaca-kaca. Kowa ya ɗauka zai yafe, abokai ne na shekara arba'in. Ina! Har gaban mai unguwa ya kai shi, aka auna ɓarnar, ya karɓi diyyarsa cif, bai rage ko tiya ba. Suna dawowa daga wurin ya ɗauki gatari ya sare layi biyu na rogonsa da ya kusa isa haƙa, don hanyar ta yi faɗi shanu su daina matsuwa. Rogon da ya sare ya fi waken da aka biya shi. Inna ta ce wannan ko wauta ce ko waliyyanci, ita dai ba ta da ilimin bambancewa. Baffa kuwa ya gane, ko ya yi kamar ya gane, don da la'asar tare na gan su a gindin tsamiya suna cin goro.

Bayan sadakar bakwai muna zaune mu uku da Gwaggo, maganar tafki ta taso, Auta ya gyara zama irin na malamai. Ya ce a jami'a sun karanta wasu masu ra'ayi da ake kira libatariyan, kuma Baba nasu ne ko da bai taɓa jin sunan ba. Su a wurinsu mutum shi ya mallaki kansa da guminsa, hukuma ta ɗauke hannunta daga kansa. A nan duk bakinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne abin da ba wanda ya ƙera, wato ƙasa da ruwa da daji. Na ɓangaren dama sun ce wanda ya fara kama wuri ya zuba guminsa ya mallake shi ɗungurungum, ya killace ko ya sayar ko ya kyautar, ba mai tambayarsa. Na ɓangaren hagu sun ce guminka naka ne, amma ƙasa ta kowa ce tun asali, in ka kama wani yanki sai ka bar wa saura abin da zai ishe su, ko ka ba su rabonsu. Auta ya ce Baba na hagu ne, shaida ita ce wayar da ya mayar. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce in haka ne ai na dama ne, shaida ita ce kansilan da ya kora, kuma barin tafkin a buɗe kyauta ce ta mai abu, kyauta kuwa ba ta zama dole a kan magada. Gwaggo ta ce ita ba ta san wannan karatu ba, amma yayanta ko goro ba ya karɓa da hagu, kada a yi masa sharri yana kabari.

Na yi dariya tare da su, amma akwai abin da na sani su ba su sani ba. Sati biyu kafin rasuwarsa, da safe, yana shan kunu a ƙarƙashin rumfa, na ga jikin ya yi nisa, na ce masa:

"Baba, ka sa a kira liman ka yi waƙafin tafkin nan mana. Ka huta, mu ma mu huta."

Ya ajiye ludayi. "Da zan ƙara shekara ɗari, haka zan bar shi a buɗe."

Har na fara murna, sai ya ci gaba.

"Amma ba zan yi waƙafi ba. Ina raye ban ɗaure hannun kowa ba, sai ina cikin rami zan ɗaure naku?"

Na tambaye shi in Yaya ya killace fa. Ya ce ya killace nasa. Na ce to mutanen ruga fa. Ya ce an zalunce su. Raina ya ɓaci, na ce Baba waɗannan maganganu biyu ba sa zama wuri ɗaya.

"Na sani," in ji shi. Ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba da shan kunu.

Aka sa ranar rabon gado bayan arba'in. Yaya ya riga ya faɗa cewa ƙasan gonar yake so a rabonsa, inda tafkin yake, ya bar mana saman da mangwaro da gidan, kuma ko maƙiyinsa ya san bai cuce mu ba a wannan. Ana gobe rabo Auta ya zo gidana da rana, na kasa riƙewa na gaya masa hirar rumfa. Ya ce shi ba ƙarya yake so in yi ba.

"Anti, ki faɗi maganarsa ta farko kawai, ki yi shiru. Ai shi ya faɗe ta."

Ya lissafo min matan da suke wanki a wurin, da 'yan maruƙan ruga, da tsufan Baffa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma zuciyata tana tare da shi, har yanzu ma tana tare da shi. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba.

A zauren Baba aka zauna, liman da mai unguwa da dattawa biyu da su Yaya, ni kuma ina bakin ƙofar ciki. Auta ya ce tafkin ba ya cikin gado, Baba ya bar wa jama'a. Liman ya tambaya ko akwai takarda ko shaidu, aka ce babu. A shari'a maganar ta ƙare ke nan. Sai Yaya ya yi abin da ban zata ba. Ya nuna ni ya ce ga wadda ta yi jinyar Baba, tun muna yara ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, in ta ce Baba ya ce a bar tafkin a buɗe, ya janye, ba ya bukatar wani shaida. Da Yaya mugu ne da abin ya zo min da sauƙi. Na dubi Auta, ya sunkuyar da kai. Na faɗi ta farkon, na ji zauren ya saki numfashi, na ga mai unguwa ya fara murmushi. Shiru na daƙiƙa biyu kawai ake nema a wurina. Na ji bakina yana ci gaba, na faɗi ta biyun, na faɗi ta ukun da ta huɗun, har da "na sani" ɗin ban rage ba.

Liman ya ce to gado ne. Ya yi wa Yaya nasiha cewa ba a hana mai ƙishirwa ruwa, Yaya ya ce ya ji, kuma ya cika alkawari: da ya ja wayarsa ya bar 'yar ƙofa ta mutane, ba kwaɗo ba mai gadi. Shanu dai ba su da hanya, don tumatir da albasa sun cinye ta. Baffa ya tura 'ya'yansa kudu da garken tun kafin lokacinsu, aka bar tsofaffi da mata da 'yan maruƙa. Noman ya yi kyau, ba zan rage wa Yaya wannan ba, kuma samarin garinmu da dama da suka saba tafiya ci-rani bana a gida suka sami aiki, iyayensu mata suna sa masa albarka a gabana. Sai dai inji ba ya sha irin na saniya. Kafin zafi ya kankama tafkin ya koma taɓo, ƙofar tana nan a buɗe, ba abin ɗiba. Yanzu sai rijiyar burtsatse da ke can bayan gari, tafiya mai nisa daga ruga.

Auta yana gaisawa da Yaya, ni ce bai ƙara taka gidana ba. Dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ina jin ciwon abin. Wata rana in ga cewa na yi abin da Baba zai yi, wata rana in ga na rushe abin da ya yi shekara hamsin yana haƙawa da hannunsa. Na yi fushi da Baba ma, Allah ya yafe min, don ya ƙi ɗaure hannun kowa ya bar ni da igiyar. Ban san ko na dama ba ne ko na hagu, ban san ko shi ya sani ba. Na san dai bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai taɓa barin a ci nasa ba, kuma yana raye ba wata dabba da ta kwana da ƙishirwa a gefen gonarsa. Ya Allah, Kai da ka san abin da yake nufi, Ka yi masa hukunci da rahamarKa, Ka yalwata masa makwanci, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar, mu kuma Ka haɗa kanmu.

Makon jiya da la'asar na fito za ni Islamiyya, sai na haɗu da matar Baffa a ƙofar gidana, tana dawowa daga burtsatse da jarka a ka. Ta girmi Inna. Na so in koma ciki, amma ta riga ta gan ni. Ta sauke jarkar da ƙyar, muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce:

"An gaya mana ke kika faɗi abin da Malam ya ce, ba ki rage komai ba. Haka shi ma yake, ba ya ragewa. Allah ya jiƙansa."

Na ce amin. Ta gyara gammonta, ta durƙusa.

"Ɗora min, 'yata, rana tana yi."

Da hannu ɗaya na fara, ta ƙi ɗaguwa. Na ajiye jakata na sa hannu biyu, na ɗora mata.